Yadda Fada Ya Aike Ni Hayin Kogi

Jikata ce ta tono mini wannan zance. Ta dawo daga coci ranar Asabar da la'asar tana ƙunƙuni, wai wata shida ke nan ana koya musu katikisim, karatun addini na masu shirin baftisma, ita ta gaji, alhali duk abin da ake faɗa yana cikin wayarta. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Mu shekara uku muka yi, ba waya, ba takarda, sai kunne da baki. Da ta shige ɗaki na zauna a tsakar gida ina sauraron garin. Kukan babura ne, da injin niƙa, da lasifika ta kowace kusurwa. Na kasa kunne ko zan tsinci ko da sauti ɗaya cikin waɗanda na tashi da su, ban samu ba.

A wancan zamani, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, garinmu Malam Madori garin jirgin ƙasa ne da gyaɗa. Tun daga nesa za ka hango buhuna an tara su sun yi tsauni a bakin tasha, leburori suna hawa suna sauka da waƙa a bakinsu. In jirgi ya yi kuka kowa ya san lokaci, mai ɗora tukunya ta ɗora, mai sauke talla ta sauke. Da sassafe kuwa lugude ne ke tashin mutum, gida yana amsa wa gida. In ka gangara fadama sai ka ji jigo yana ƙara ana ban ruwan albasa da barkono, yara suna kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye daga shinkafa. Ruwan Haɗeja yakan zo a lokacinsa ya malale fadama, ya koma a lokacinsa ya bar mana danshi da kifi a kowane kududdufi. Yanzu ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwan, tasha ta zama wurin kiwon awaki, yaran unguwarmu ma ba su san yadda kukan jirgi yake ba.

Mu Maguzawa ne, daga wata 'yar ƙauye a bakin fadama. Maigidana lebura ne a tasha, a can ya haɗu da ma'aikatan jirgi 'yan Katolika, ya bi su, har aka yi masa baftisma tun yana saurayi. Da ya aure ni auren gargajiya, sai aka ce ba zai ƙara karɓar Jikin Kristi ba, wato gurasar da ake ba masu baftisma a coci, sai an ɗaura aurenmu a coci, ni kuma a fara yi mini baftisma. Kowace Lahadi in mutane suka tashi zuwa gaban bagadi, shi sai ya zauna ya sunkuyar da kai. Bai taɓa matsa mini ba, kuma wannan shirun nasa ne ya fi damuna. Wata rana na ce masa a rubuta sunana cikin masu koyo. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ɗaga kai ta ce ita ma a rubuta ta, don ba za ta zauna gida ita kaɗai da kaji ba kowa ya tafi wurin Allah.

Cocinmu ɗakin laka ne da rufin kwano, in rana ta take sai ka ji kwanon yana ƙas-ƙas. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen layin dogo ce da aka rataye a bishiyar maina, wato dogon yaro. Fada, wato limamin cocin, yana Kano, sau biyu ko uku yake zuwa a shekara, don haka komai yana hannun katikis, mai koyar da addini, wanda muke kira Malam. Tela ne, mutumin duwatsun Jos, siriri, Hausarsa tana da wata 'yar karkata da yara ke kwaikwayo a bayan idonsa. Ranar Laraba da Asabar yakan rufe kekensa ya buga ƙarfe, mu taru a gindin mainar, yara a gaba, manya a baya kan tabarma. Ya jefa tambaya da waƙa, mu amsa da waƙa. Akwai wani ɗan dako da gemunsa ya fara fari, yana zaune bayan jikansa, in ya manta amsa sai ya tsikari yaron da yatsan ƙafa. Malam yakan ce a nan ba babba ba yaro, duk jarirai ne da ba a haifa ba tukuna. In Fada ya zo ana Misa, da an gama wa'azi sai a ce masu koyo su fita. Mukan tsaya a jikin taga muna leƙe, muna ɗokin ranar da za a bar mu mu zauna har ƙarshe. Bayan shekarar farko aka ba kowa 'yar lamba mai hoton Maryamu da zare, na rataya tawa a wuya ina tafiya kamar an naɗa mini sarauta.

Iya ita ce abin dariyar ajin, kuma ita ta fi kowa jin daɗin haka. Kanta ba ya riƙe karatu. Dokoki Goma takan lissafa su da yatsu, in ta kai ta shida ko ta bakwai sai su ƙare mata, ta cike sauran da nata: kada ka bar baƙo da yunwa, kada ka zubar da ruwan zafi inda mutane ke wucewa, kada ka doki akuya mai ciki. Malam ya riƙe kai ya ce, Iya, waɗannan ba sa ciki. Ta ce to ya kamata a sa su. In muna daka nakan jefa mata tambaya da saukar taɓarya, ta amsa da saukar tata, kafin gero ya yi laushi ta haɗa amsar baftisma da ta aure. Ni kuwa kaina kamar soso. Abin da Malam ya faɗa sau ɗaya ya zauna. In ya je yi wa wani awon riga, ni yake bari in ja ajin. Ba zan ɓoye ba, abin ya hau mini kai. Tun saura wata biyu na kai farin yadi aka ɗinka mini rigar baftisma, na ninke ta a ƙasan kwalla, ina tausayin Iya a raina don na tabbata za a ce ta ƙara shekara.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa haɗa shi da katikisim ba. Katangar zana ce kawai tsakaninmu da maƙwabciyata, wata Musulma da ta girme ni da 'yan shekaru, kowa yana kiranta Mai Daddawa saboda sana'arta. Da muna shiri sosai, ita ta fara yi wa ɗana na fari wanka. Sai wata rana akuyarta ta tsinke ta shiga bayan ɗakina ta cinye irin barkonon da na yafa, wanda nake shirin dasawa a fadama. Na iske ta a bakin rijiya cikin mata, ban tsaya kan maganar akuya ba, na ce da ita da gidanta da daddawarta duk wari ɗaya suke yi. Matan duk suna ji. Ta ɗauki tulunta ta tafi. Daga ranar muka shiga gaba. Kusan shekara guda ba gaisuwa. In wutata ta mutu gara in zaga gida uku in ɗebo da in miƙa hannu ta kan zana. Iya dai ba ruwanta, kullum tana aikawa a karɓo mata daddawa, ta ce miyarta ba ta cikin faɗan.

Fada ya sauka daga jirgin ranar Juma'a, da kaka, ana tsakiyar hada-hadar gyaɗa. Bature ne dogo, wuyansa ja kamar na zakara, Hausarsa ta Kano ce tsaf sai dai ba ya iya ɗaga murya inda ya kamata. Aka ce zai yi jarrabawa ran nan, baftisma ranar Lahadi, ya bi jirgin Litinin. Aka sa masa kujera a cikin coci, Malam yana tsaye a gefensa, ana kiranmu ɗaya bayan ɗaya, sauran muna jikin taga. Da aka kira Iya sai na rufe fuska. Ya tambaye ta sakramenti nawa ne, ta ce suna da yawa. Ya tambaye ta Dokoki Goma, ta kawo shida ta ɗora masa ta akuya mai ciki. Sai ya gyara zama ya ce ta faɗa masa, Allah yana ina.

Iya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ka baro ƙasarku ka taho har nan, ba ka san inda yake ba?"

Mu na taga muka toshe baki. Fada ya yi dariya har da share ido, ya ce shi yana so ne ya ji daga bakinta. Sai ta ce masa ita dai 'ya'ya huɗu ta binne, ruwa ya ci gidanta sau biyu, kuma kowane karo akwai wanda ya riƙe ta ba ta faɗi ba, sunansa ne kawai ba ta sani ba sai da ta zo gindin mainar nan. Fada ya juya ya ce wa Malam ya rubuta ta.

Ni na shiga ina taku ɗaiɗai. Duk abin da ya tambaya kafin ya rufe baki na ba shi, har da waɗanda bai tambaya ba. Ya jinjina kai ya ce bai taɓa jin mai koyo irina ba. Ina shirin tashi sai ya ce saura tambaya ɗaya: a garin nan akwai wanda ba na gaisarwa? Na dubi Malam, Malam ya dubi rufin kwano. Na ce akwai wata, amma ita ta fara, kuma ai ba Kirista ba ce. Fada ya ce in maimaita masa abin da aka koya mana game da maƙwabci. Na maimaita tiryan-tiryan. Ya ce a ina aka ce sai Kirista.

"'Yata," in ji shi, "karatun yana kanki, saura ya sauko. Ina nan har Lahadi. Ki je ku shirya, ki dawo."

Na tashi na fita. Yaran da nake ja wa karatu duk an rubuta su, ɗan dako mai farin gemu an rubuta shi, Iya an rubuta ta. Na isa gida na faɗa kan gado ina kuka, ina cewa Malam ya ci amanata, na fasa baftismar gaba ɗaya. Maigidana ya dawo daga tasha ya ji labari, ya zauna a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, irin zaman nan nasa na ranar Lahadi. Iya ce ta shigo ta zauna a gefena. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Amarya, zana ɗaya ce tsakaninku. Tashi ki leƙa." Na share hawaye, na daure na leƙa. Gidan ba kowa sai mijinta, ya ce ai tun shekaranjiya ta tafi garinsu a hayin kogi, ƙanwarta ta haihu, gobe suna, ba za ta dawo ba sai bayan mako.

Washegari tun rana ba ta fito ba na goya ɗana. Na je fadama na tsinko barkono cikin wanda na sake yafawa bayan ɓarnar akuya, na cika ƙwarya. Motar gyaɗa ta rage mini hanya, sauran na taka. Ruwa bai gama janyewa ba, wani wuri har gwiwa, wani wuri har ƙugu, sai da na kai mashigi inda mai fito yake da kwale-kwalensa. Ya tambaye ni ina za ni da barkono haka, na ce biko za ni. Ya ce bai taɓa ganin mace ta je bikon mace ba. Duk tsawon hanyar ina shirya maganar da zan yi, kuma duk wadda na shirya sai in ga na saka akuya a ciki. Na yi niyyar in ja ta gefe, mu biyu, in faɗa a gurguje in juyo.

Allah bai nufa haka ba. Na yi sallama na shiga, tsakar gida cike da mata, ana ta tuƙa tuwon shinkafa, ita tana tsakiya da muciya a hannu. Ta gan ni ta tsaya cak. Kowa ya juyo. Nan na gane cewa abin da na yi a gaban mata, a gaban mata zan biya shi. Na sauke ƙwaryar, na durƙusa da goyo a bayana, na ce, "Yaya, na zo ki yafe mini. Maganar da na faɗa miki a rijiya ƙarya ce, kuma mugun baki ne." Akuya ba ta fito daga bakina ba, har yau ina mamaki.

Ta matso ta dube ni. Sannan ta ce wa ya mutu. Na ce ba kowa. Ta ce to me ya ƙetaro da ni, don ta san ni, ba na durƙusa wa ko maigidana. Ban iya yi mata ƙarya ba, na kwashe labarin Fada da jarrabawa na faɗa mata, har da na Iya. Matan suka fashe da dariya, wata tsohuwa tana tafa hannu tana cewa a maimaita mata ta akuya mai ciki. Mai Daddawa ta ce ashe ba don Allah na zo ba, don farar riga na zo. Na ce da na taso don riga ne, amma yanzu da na gan ta ban sani ba. Gaskiya na faɗa, don ina ganin fuskarta na tuna ranar da ta karɓi ɗana daga hannun ungozoma, sai hawaye. Ta ajiye muciya ta kwance yaron daga bayana, ta ɗaga shi tana cewa dubi yadda ya girma a bayan zana ba ta sani ba. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ita ma in yafe mata, don da gangan ta ƙi zuwa ba ni haƙuri kan barkonon. Daga nan ta miƙo mini muciya ta ce tunda na zo sai in tuƙa.

Na ci tuwon suna na ƙoshi. Da na tashi tafiya sai na ga ta yafa mayafi. Ta ce baturen nan bai san ni ba, in na koma ni kaɗai ya ce ina shaida fa? Mahaifiyarta ta ce ta je, aikin lada ne. Muka shiga kwale-kwale tare, mai fito yana cewa lallai biko ya yi kyau. Kafin mu kai gida ta ba ni labarin shekara guda da ban ji ba, ni ma na ba ta nawa, muna yi muna katse juna.

Rana ta yi sanyi muka iske Fada a gindin maina yana shan shayi da Malam. Mai Daddawa ta tsaya daga ɗan nesa ta gaishe shi, ta ce ita ce maƙwabciyar, mun shirya, ya yi mini wankan nawa. Sai ta ƙara da cewa in akwai sauran ruwa ya zuba mini a harshe. Fada ya miƙe tsaye ya yi mata godiya kamar wata babbar baƙuwa. Malam ya ciro littafinsa ya rubuta sunana, bai yarda mun haɗa ido ba, amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. Muka jeru cikin fararen kaya, yara da manya, kowa da uwar baftisma ko uban baftisma a bayansa. Aka sa mana gishiri a harshe, aka shafa mana mai, aka tambaye mu ko mun rabu da Shaiɗan, muka ce mun rabu. Iya tana gabana. Fada ya ɗebi ruwa a ɗan ƙaramin kofi ya zuba mata a goshi sau uku. Da aka zo kaina na ji sanyinsa ya gangaro ta gefen kunnena, na rufe ido, duk amsoshin da na haddace ba wadda ta zo mini, sai godiya. Bayan nan aka ɗaura aurenmu, kuma da lokaci ya yi maigidana ya tashi ya nufi bagadi, ni ina bayansa, ba wanda ya ce mu fita.

Muna komawa wurin zama Iya ta matso kusa da kunnena, goshinta yana ɗiga, ta ce, "Amarya, shekara uku muna wahala, ashe ruwan bai kai na wanke ido ba?" Mu mutanen kogi ne, ita ta zaci nitso za a yi. Na yi ƙoƙarin danne dariya ta ƙi dannuwa, ta ƙwace mini a tsakiyar coci, na kusa da mu suka ɗauka. Mai Daddawa tana waje a gindin maina riƙe da ɗana. Da ta ji dariya ta ɗauka an gama, sai ta rangaɗa guɗa. Ba a taɓa yin guɗa a cocin nan ba. Fada ya tsaya da hannu a sama ya dubi Malam, Malam ya raɗa masa cewa murna ce. Sai ya sauke hannu ya jira. Sau uku ta yi, yana tsaye yana jira, sannan ya sa mana albarka.

Mun zauna da ita zana ɗaya har tsufa, daga baya zanar ta zama katangar bulo, muka sa aka bar ƙofa a jiki. Ba ta taɓa shiga coci ba, ni ma ban taɓa ce mata ta shiga ba. Amma har ta bar duniya, duk shekara in ta ji ana shirin baftisma sai ta leƙo ta ƙofar nan ta tambaye ni ko bana akwai wadda aka aika hayi.